Zaman da Ba a Rufe Ba

Litinin, 6 ga Nuwamba, 7:10 na safe, cikin jirgin ƙasa na Metro

Akwatin yana but ɗin motata a tashar Shady Grove, ƙarƙashin dardumar salla. Na kulle motar, na yi taku goma, na dawo na sake kullewa. Ni Tayyiba, da girmana, ina gadin kwalin takalmi kamar wadda ta sato zinare.

Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai fara yi wa labarin kwaskwarima ba. Jiya ƙungiyarmu ta Gida Ɗaya, ta 'yan Arewa mazauna wannan yanki, ta yi zaɓen shugaba a zauren da muke haya a Gaithersburg. 'Yan takara biyu ne: maigidana Zulkifilu, da Dalyop, mutumin Jos ɗin nan mai koyarwa a jami'a. Tsarin mulkinmu ya ce majalisar ƙungiya, mu goma sha ɗaya, ita za ta ƙirga ƙuri'u ta sanar da wanda ya ci, a zamanta na ƙarshe na shekara. Da zarar an rufe wannan zama, wa'adinmu ya ƙare. Ni ce sakatariya, shekara shida ke nan, ba don na fi kowa ba sai don ba mai so.

Mun ƙirga na waɗanda suka zo da ƙafarsu. Zulkifilu saba'in da huɗu, Dalyop sittin da biyar. Saura ambulan talatin da takwas da aka aiko ta gidan waya, galibi daga ma'aikatan asibiti da ba sa samun hutun Lahadi. Su ne a cikin kwalin.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk shekara in sanyi ya shigo. Mun tsara za mu gama kafin magariba, sai ga magariba ta riga mu. Ƙarfe biyar da 'yan mintoci wayoyi suka kaure da kiran salla. Dakta Ladan, shugaban majalisa, ya dubi taga ya ce, "To, mu tashi." Muka tashi.

Sauran abin a bakin ƙofa ya faru, wurin ajiye takalma. Wani ya yi wata magana a kan masu ambulan ɗin da garuruwan da suka fito. Ba zan rubuta ta ba. Da muka idar da salla rabin kujeru babu kowa, Dalyop da mutanensa sun tafi. Na tarar da kwalin a kan tebur shi kaɗai, na ɗauka.

Litinin, 12:40 na rana, ofis

Saƙo ɗari uku da wani abu a guruf ɗin ƙungiya. Har an fara yi wa maigidana "ranka ya daɗe." Mutanensa sun ce majalisa ta tashi, tashin nan kuwa shi ne na ƙarshe, don haka ba ta da sauran ikon buɗe ko da ambulan ɗaya, ƙirgan da aka yi shi ne ƙirga. Mutanen Dalyop sun ce yin doka daban, ƙirga ƙuri'a daban, ƙirga nauyi ne da ba ya sauka daga wuyan majalisa sai ta gama shi, ko ta tashi ko ta kwanta. Kowa ya zama lauya. Har mai sayar da kayan miya ya kawo sashe da ƙaramin sashe.

Na kira Olive. Ita ce aminiyata tun zuwana ƙasar nan, nas ce, 'yar Pankshin, kuma tana bakin aiki jiya, don haka ba ta ji da kunnenta ba. Amma an gaya mata. Ba ta ɗauka ba.

Talata, 7 ga Nuwamba, 7:15 na safe

Akwatin yana nan.

Laraba, 8 ga Nuwamba, 6:30 na yamma

Ina yanka albasa maigidana ya shigo kicin da littafin majalisa a hannunsa, wanda nake rubuta abin da aka yi a kowane zama. Fuskarsa a sake, har da tambayata ko in kawo ya taya ni. Shekara ashirin da biyu da aure, na san duk ranar da Abban Mubina ya nemi taya ni yanka albasa akwai magana.

"Maman Mubina, kin bar layin ƙarshe ba ki cike ba. Ki sa kawai, an rufe zama ƙarfe biyar da minti biyar. Shi ke nan fa, kowa ya huta."

Na ce hannuna da albasa, ya ajiye zan duba.

Na duba. Ni na zana wannan shafi da kaina shekara shida da suka wuce, don ba na son rubutu barkatai. A ƙasan kowane shafi akwai layi biyu. Na ƙarshe, "Lokacin rufewa." Na samansa, "Addu'ar rufewa, wanda ya yi." Dukansu biyu babu komai.

Na ɗauko tsarin mulki, na bar sashe na goma sha biyu da kowa yake ta ja a kai, na koma can gaba, sashe na huɗu, wanda ba wanda yake karantawa saboda kowa ya haddace shi da aiki. Dattawan da suka kafa ƙungiyar suka rubuta shi da Hausa tsantsa: in Musulmi ya buɗe zama da addu'a, Kirista ne zai rufe, in Kirista ya buɗe, Musulmi zai rufe, kuma zama ba ya rufuwa sai da addu'a. Ranar Lahadi Dakta Ladan ne ya buɗe. Baba Katung, dattijon nan na Zonkwa da ya yi ritaya daga tuƙin bas, shi ke da rufewa. Bai yi ba. Yana neman sandarsa aka fara hayaniya.

Gabana ya faɗi, sannan, Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Ban gaya wa maigidana ba tukuna. Miyar ta yi gishiri.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, 4:00 na yamma

Yau hutu ne, na je gaida Dakta Ladan. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi Mubina da karatunta, matarsa ta kawo kunun gyaɗa. Sai da na sha rabi sannan na ce, "Baba, da ka ce mu tashi, tashin salla kake nufi ko tashin taro?"

Ya daɗe yana juya cokali.

"Tayyiba, kwana biyar ke nan ana yi mini wannan tambaya. Mutanen mijinki sun zo, mutanen Dalyop sun bugo. Wallahi tallahi ni dai na ga rana ta faɗi, gwiwata tana ciwo, na ce mu tashi. In na ce miki na san wanne nake nufi na yi ƙarya."

Na yi dariya har kunu ya kusa sarƙe ni. Mutum ɗari biyu suna shirin rabuwa a kan kalma ɗaya, mai kalmar kuma gwiwarsa yake ji. Na nuna masa layin da babu komai. Ya sa tabarau, ya karanta sashe na huɗu, ya cire tabarau.

"Ni na rubuta wannan da hannuna, ni da Katung, a ɗakinsa," in ji shi. "Kin san abin da zai jawo miki a gida?"

Na ce na sani.

"To ki fara gaya wa mijinki kafin ki gaya wa duniya."

Asabar, 11 ga Nuwamba, 10:20 na safe

Na gaya masa.

Asabar, 2:00 na rana

Bai ɗaga murya ba, ai da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ashe a gidana abokin takarata yake da wakiliya." Na ce ni ba wakiliyar kowa ba ce, ni sakatariya ce, kuma ba zan rubuta an yi addu'ar da ba a yi ba. Ya ce shekara goma yana ɗaukar gawar mutane zuwa filin jirgi, yana nemo wa sababbin zuwa ɗaki, yanzu da aka zo saka masa sai matarsa ta tsaya a ƙofa. Gaskiya ya faɗa, duk ya yi, ni shaida ce. Shi ya sa maganar ta yi mini zafi.

Ya fita bai ci abinci ba. Ina son mutumin nan, kuma ina jin haushinsa, duk a lokaci ɗaya.

Litinin, 13 ga Nuwamba, 12:30 na rana, ofis

Na aika wa 'yan majalisa goma takarda, da sa hannun Dakta Ladan: zaman 5 ga wata bai rufu ba, ana kiran kowa ya dawo a ƙarasa shi ranar Lahadi 26. Sai na kashe wayar na sa ta a jaka.

Daga tagar ofishinmu a nan unguwar Southwest, in na leƙa ta gefen injin ɗab'i, ina hango ƙubbar majalisar ƙasar nan. Na tuna shekarar da aka tarwatsa 'yan majalisar suna tsakiyar ƙirga ƙuri'un shugaban ƙasa, suka ɓuya, aka share zauren, suka dawo suka ci gaba daga inda suka tsaya. A lokacin ina kallon talabijin ina cewa Allah ya kyauta, kamar abin ba zai taɓa zuwa kan kwalin takalmi ba.

Aikina a nan duba takardu ne, in ga inda aka bar gurbi in mayar wa mai ita. Shekara goma sha huɗu ina mayar wa Turawa takardunsu saboda layi ɗaya. Ba zan fara cike ƙarya a kan nawa ba.

Talata, 14 ga Nuwamba, 7:05 na safe

Akwatin yana nan. Tuwon jiya ma yana nan, a rufe yadda na ajiye masa.

Laraba, 15 ga Nuwamba, 5:45 na yamma, cikin Metro

Wata da muke gaisawa a masallaci ta aiko mini da saƙon murya na minti bakwai a kan biyayyar aure. Na saurari minti ɗaya da rabi. Wani kuma ya rubuta a guruf cewa a raba ƙungiyar kawai, kowa ya kama gabansa, su da nasu mu da namu. Mutum tara suka sa masa alamar yatsa. Na ƙirga su, na san su duka, na ci abinci a gidan bakwai daga ciki.

Amma mutum talatin da ɗaya ba su ce komai ba, sai suka riƙa sa tsofaffin hotuna: sunan 'yar wane, bikin kammala karatun ɗan wance, jana'izar da muka tsaya a cikin ƙanƙara, masu hula da masu gicciye. Ba wanda ya rubuta kalma a ƙasa. Na wuce tashata ina kallo, sai da na dawo baya.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, 1:10 na rana

Baba Katung ya bugo mini, yana dariya tun kafin mu gama gaisawa.

"'Yata, kin san mutanen mijinki sun kira ni jiya? Su uku a waya ɗaya. Wai Baba, tunda addu'a ce ta rage, ka yi mana ita yanzu a waya, mu ce amin, a rufe."

Na ce, "Baba, me ka ce musu?"

"Na ce musu ni tsohon direba ne. Ba na kashe mota fasinja suna ciki ba su sauka ba. Mutum talatin da takwas suna cikin kwali. In sun sauka ku kira ni."

Sai ya rage murya. Ya ce ya ji maganar da aka yi a bakin ƙofa, yana tsaye a wurin. Ya ce a shekarunsa ya ji wadda ta fi ta muni, daga bakin nasu da bakin namu, kuma ya ga masu faɗar sun zo daga baya suna ɗaukar makara tare. Bai ambaci suna ba. Ni ma ban ambata ba. Muryar da ta yi maganar na san ta ko a cikin barci, ita take tashina sallar asuba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Na haɗu da Olive a shagon kayan gida, gaban buhunan acca. Ba hanyar kaucewa, layin ƙunci ne. Ta dube ni, na dube ta.

"Madam sakatariya," ta ce.

"Sista Olive."

"An ce kin hana mijinki kujera."

"Ban hana shi ba. Ban ba shi ba dai."

Ta so ta yi dariya ta danne. Ta ce ba da ni take fushi ba, amma in ta ɗauki wayata dole ta faɗi abin da yake ranta a kan wani, kuma ba ta son ta faɗa mini. Ta ce, "Tayyiba, ni ce 'irin waɗannan mutanen'? Ni?" Idonta ya kawo ruwa. Sai na riƙe mata kwandon.

Da za mu rabu na tambaye ta batun ranar Alhamis, ranar bikin cin talotalo na ƙasar nan, da muke haɗuwa a gidanta duk shekara. Ta ce gwaten acca dai za ta dama, ƙofa kuma ba ta da sabon makulli.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Na fito da kwalin daga mota a karon farko. Ban buɗe ko ɗaya ba. A bayan kowace ambulan akwai sunan wanda ya aiko, na kwafe su a takarda ɗaya, ɗaya zuwa talatin da takwas, don za a buƙaci jerin ranar zama. Na mayar da kwalin. Takardar kuma na manta da ita a kan teburin cin abinci, daidai inda maigidana yake ajiye makullinsa. Mantuwa ce irin wadda mutum yake shiryawa.

Litinin, 20 ga Nuwamba, 6:50 na yamma

Takardar ta motsa daga inda na bar ta. 

Talata, 21 ga Nuwamba, 6:15 na yamma

Ya tsaya a ƙofar kicin da takardar.

"Olive ma ta aiko?"

"Ta aiko. Lamba goma sha bakwai."

 Na san inda tunaninsa ya tafi, don ni ma can na tafi. Shekara huɗu da suka wuce, da Hajiya mahaifiyarsa ta zo jinya ta kwanta a asibiti, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, tana ta firgita da na'urori. Olive ba a ɓangarenta take ba, amma kullum in ta tashi aiki sai ta hau bene ta zauna da ita, su yi hirar farashin gero da Hausarta ta Filato da take ba Hajiya dariya. Ranar ƙarshe ita ta nemo a wayarta inda gabas take, ta kira wasu biyu suka juya gadon. Ita ta bugo masa ta ce ya bar duk abin da yake yi ya zo yanzu. Ya iso saura minti ashirin ta cika.

"Wa ta zaɓa?" ya ce.

"Ban sani ba, Abban Mubina. Ba a buɗe ba."

Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa. Sai ya ce akwai sauran tuwo? Na ce akwai. Na juya wajen murhu don kada ya ga fuskata.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, 7:30 na yamma

Mun je. Ni na ɗauki kwanon masa, shi ya ɗauki tukunyar miyar taushe, ya riƙe ta a gabansa kamar garkuwa. A ƙofa ya ce wa Olive yana son magana da ita da maigidanta. Suka shiga ɗakin baƙi, aka turo ƙofa. Ban san abin da aka ce ba, ban kuma tambaya ba. Sun yi kusan rabin awa. Da suka fito Olive ta zuba masa gwate har ya kusa zubowa, ta ce, "Injiniya, ka cinye, ba a barin saura a gidana." Ya cinye. Shi da ya ce acca abincin tsuntsaye ne.

Talotalon ya bushe kamar kullum. Ba wanda ya damu.

Asabar, 25 ga Nuwamba, 9:00 na safe

Akwatin yana nan. Gobe ne. Ina tsoro, amma irin tsoron da ake ji kafin a cire haƙori.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, 5:30 na yamma

Da muka isa zauren na buɗe but, kafin in miƙa hannu ya riga ni. Shi ya ɗauki kwalin, ya ratsa ta tsakiyar mutane, ta bakin ƙofar nan, ta wurin takalman nan, ya ajiye shi a gaban Dakta Ladan.  Ya juya ya ce, "Jama'a, ranar biyar ga wata na yi magana a nan wurin. Wanda ya ji ya ji. Ban kyauta ba, ku yafe mini." Ya je ya zauna kusa da Dalyop, don nan ne kaɗai kujera ta rage, ko kuma haka aka shirya, ban sani ba.

'Yan majalisa tara suka zo cikin goma sha ɗaya. Wani ya tashi zai buɗe da addu'a, Dakta Ladan ya ɗaga masa hannu. "Zauna, Malam. A buɗe yake tun sati uku."

Ina kiran suna, ana yage ambulan, ana jefa ƙuri'ar a ninke cikin ƙwarya don kada a san ta wane ce. Sannan aka juye aka ƙirga a gaban kowa. Dalyop ashirin da biyar, Zulkifilu goma sha uku. Jimla, Dalyop casa'in, Zulkifilu tamanin da bakwai. Ƙuri'a uku.

Na rubuta lambobin. Ban iya ɗaga kai ba. Na ji ƙarar kujera, na ji tafi, da na duba sai na ga maigidana ya riƙe hannun Dalyop ya ɗaga sama, fuskarsa kamar wanda ya haɗiyi magani mai ɗaci, amma ya ɗaga. Olive ta zo wucewa da kayan aikinta a jiki, ta tsaya a kansa ta ce, "Injiniya, ni fa ban zaɓe ka ba." Ya ce, "Na sani, Sista. Da ni ne ke, ni ma haka." Ta ce, "Amma badi ka sake tsayawa mu gani."

Sai Dakta Ladan ya ce, "Katung, fasinjanka sun sauka."

Baba Katung ya dogara sandarsa ya miƙe. Addu'arsa gajera ce, kuma kamar yadda ya saba a taronmu, ya ƙare ta da "ya Allah Ubangijinmu duka," don kowa ya sami bakin amsawa. Amin ɗin da aka yi sai da tagogi suka amsa.

Na buɗe littafin a shafin 5 ga Nuwamba, na sa biro a kan layin, biron ya ƙi. Na kaɗa shi, na goga a gefe, ya ƙi. Sati uku yana cikin jakata bai tashi mutuwa ba sai yau. Ina cikin lalube sai ga wani biro an miƙo ta saman kafaɗata, baƙin nan mai nauyi da Hajiya ta saya wa maigidana ranar da ya gama jami'a, wanda ba ya ba kowa aro, har ni.

"Rubuta, Maman Mubina," ya ce. "Ki sa lokacin daidai."

Na rubuta. Addu'ar rufewa, Baba Katung. Lokacin rufewa, ƙarfe uku da minti arba'in, ranar 26. Na miƙa masa bironsa, ya ce in riƙe tukuna, sabuwar majalisa ma za ta nemi sakatariya.